Wai gasar gudu ce amma suna tafiya? Ga abin da ba ku gane ba

Jama'a barkanmu da war haka. Bidiyon nan da yake ta yawo a WhatsApp da TikTok na turawan da suke hawa dutse da sanduna bibbiyu suna takawa a hankali, an kuma rubuta a sama wai gasar gudu ce ta duniya, na ga yadda Kanawa suka yi masa caa a kwament. Wani ya ce wallahi kakarsa ta fi su sauri in za ta gidan biki, wani ya ce a kawo su Kantin Kwari su ga 'yan dako. Na yi dariya nima, amma ku tsaya ku ji.

[Taswira]

Gasar sunanta UTMB, an fara ta a 2003. Daga garin Shamoni na Faransa ake tashi, a zagaye dutsen Mon Blan, a shiga Italiya, a ratsa Suwizalan, a dawo inda aka faro. Kilomita 170 da 'yan kai, wato ya ma fi ka taka daga Kano zuwa Zariya a ƙafa. Marathon da kuka sani kilomita 42 ne da ɗoriya, wannan ya ninka shi huɗu. Kuma in aka tara duk hawan da ke kan hanyar ya kai wajen mita 10,000, ya zarce tsayin Everest.

[A dawo kan masu hawa, a rage gudun hoton]

To ga inda aka samu matsala. Wannan tafiyar da kuke gani ba gajiya ba ce, tun a gida aka tsara ta. In hawan ya miƙe sosai, mai gudu da mai taku da ƙarfi kusan tare suke isa sama, sai dai mai gudun ya ƙona ƙarfi fiye da ɗan uwansa, saboda a gudu kowane taku ɗan tsalle ne, sai ka ɗaga jikinka gaba ɗaya sama ka dire, shi kuwa mai tafiya ko yaushe ƙafarsa ɗaya tana ƙasa. Ko ɗan Adaidaita in zai hau gadar sama da lodi ai sai ya sauke giya.

Kuma jikin mutum yana da sukarin da yake ajiyewa a tsoka da hanta, in ka matsa wa kanka lamba cikin awa biyu ko ƙasa da haka ya ƙare. Kitse shi ne ajiya mai yawa, amma jiki ya fi dogaro da shi in kana tafiya da numfashinka daidai, irin wanda za ka iya magana da na kusa da kai. Da zarar ka fara haki zuciya na dukan uku-uku, sukarin ake sha. Ga wani abin kuma, jini ya bar ciki ya koma ƙafafu, abincin da ka ci ya tsaya cak, sai tashin zuciya, sai amai, kai kuma da sauran kilomita ɗari a gabanka. Da yawa cikinsu ne yake fitar da su daga gasar tun ƙafa ba ta gaza ba.

Ku duba wannan, ya dafa gwiwoyinsa da hannu yana dannawa a kowane taku. Wancan kuma sanduna, kafaɗa da damtse suna taya cinya ɗaukar kaya. Wanda bai yarda ba gobe da asuba ya je Dala da abokinsa, ɗaya ya hau matakalar da gudu ɗaya ya taka da ƙarfi, ku sauko ku sake hawa sau biyar, sai ku faɗa min a kwament wa ya fara neman fiya wata.

Manyan ma haka suke yi. Kilian Jornet ɗan Sifen da ya cinye a 2022 cikin ƙasa da awa 20, shi ma takawa yake a wuraren da suka miƙe. Ni a ganina mai gudu a hawan farko yana ɗaga wa kyamara hannu, shi ne abin tausayi.

[Gangarowa, dare, fitilun goshi]

Gudun yana wajen gangarowa da inda ƙasa ta kwanta, kuma gangarowar ce take cin cinya don tsoka ce birki. Dare ya yi a kunna fitilar goshi, a tashoshi a sha miya mai gishiri a ci ayaba a cika gora a wuce. Awa 46 da ɗoriya aka ba kowa, kuma tashoshin suna da lokacin rufewa, in ka makara an cire ka, sai ka hau bas ka koma Shamoni.