Amsoshin Tambayoyinku: Lambu a Barandar Bene da Adon Ɗaki

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan birnin Jos. Hunturu ya kankama, duk wanda ya fito sallar asuba yau ya shaida. Tambayoyi sun taru mana kan shuke-shuken gida da adon ɗaki, shi ya sa na gayyato dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji wanda ya ajiye aiki ya koma renon dashe a bayan gidansa. Baba, barka da zuwa, ya sanyi?

Baba: Sanyi lokacinsa ne, 'yata. Barkanmu dai.

Mai gabatarwa: Takarda ta farko daga wata amarya ce a Rikkos. Ta ce suna haya a hawa na biyu, ta sayi tukwanen furanni biyar a bakin titi ta jera a baranda, safe da yamma tana ba su ruwa, amma mako uku bai cika ba ganyen ya koma ruwan ɗorawa, huɗu sun mutu. Ta rufe da cewa, "Ko hannuna ne ba ya karɓar shuka?"

Baba: Allah sarki. Amarya, hannunki lafiyarsa lau, ƙauna ce ta yi yawa. Ruwan nan na safe da yamma shi ya kashe su. Saiwa ma tana numfashi, ta cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan kullum ƙasar a jiƙe take sharkaf, iska ba ta samun shiga, sai saiwar ta ruɓe. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, shukar da saiwarta ta ruɓe langaɓewa take yi tamkar mai jin ƙishirwa, sai a ƙara mata ruwa, a ƙarasa ta.

Ki ɗaga tukunyar da ta rage ki leƙa gindinta. Ina kyautata zaton babu huda. Tukwanen roba da na siminti masu kyan fenti sau da yawa haka ake sayar da su. In roba ce, ki ɗora ƙusa a wuta ki huda wuri huɗu ko biyar. Daga yau kuma kada ki bi agogo, ki bi yatsanki: ki tura shi cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, in kin ji danshi ki bar ta sai gobe. Mu nan Jos muna kan tudu, kimanin mita 1,200 daga doron teku, ƙasar tukunya ba ta saurin bushewa kamar a Kano ko Sakkwato. Sai dai ranar da iskar hunturu ta buga sosai, ita kam takan tsotse ƙaramar tukunya a yini ɗaya. Shi ya sa na ce yatsa, ba ƙa'idar kwanaki ba.

Mai gabatarwa: To ita ƙasar fa, Baba? Mu kawai bayan gidanmu muke zagayawa mu kwaso.

Baba: Jar ƙasar nan tamu in ta shiga tukunya ita kaɗai, ta sha ruwa ta bushe, tubali take zama. Ki ɗebi baƙar ƙasa kwano biyu, ruɓaɓɓen taki kwano ɗaya, yashin rafi ko ɓuntun shinkafa kwano ɗaya, ki cakuɗa. Na ce ruɓaɓɓe fa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai ya kwana watanni ya yi baƙi, warin ya tafi. Yashi kuma kada a kwaso na wuraren da aka wanke kuza, musamman in abin ci za a shuka, domin ragowar yashin kuza na ɗauke da ma'adanai masu fitar da tiriri mai illa ga jiki.

Saura abu ɗaya da amarya ba ta faɗa ba, kuma shi ne gaba da komai: ina barandar take kallo? Kowa ya san alƙiblar ɗakinsa, a nan gabas ce ta ɗan karkata arewa, sai a auna daga nan. Baranda mai kallon gabas tana samun ranar hantsi mai laushi, kusan komai zai yi a wurin. Mai kallon yamma tana shan ranar la'asar mai zafi, sai masu juriya kamar alobera da barkono. Mai kallon kudu yanzu ne kakarta, domin daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Afrilu rana ta kudu da mu take ratsawa. Mai kallon arewa kuwa a inuwa za ta yi hunturu gaba ɗaya. In taki irin wannan ce, ki haƙura da tumatir da wardi, ki nemi moda, wannan mai dogayen ganye a tsaye kamar takubba. Moda ko kin yi tafiyar wata guda za ki dawo ki same ta tana jiranki.

Mai gabatarwa: Ga ta biyu daga Abuja. Wani ma'aikaci ne a Kubwa, ya ce tsadar kayan miya ta ishe shi, yana so ya yi ɗan lambu a barandar hawa na uku, amma mai gidan haya ya ce nauyi zai tsaga masa gini. Yana kuma tambaya ko zai iya shuka sitiroberi irin wanda yake saya in ya zo Jos.

Baba: Malam, mai gidanka bai yi ƙarya ba gaba ɗaya. Litar ruwa kilo ɗaya ce, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma ta fi ruwa nauyi, don haka bokitin fenti mai lita 20 in an cika shi zai kai kilo 30 ko ya wuce. Guda goma sun zama buhun siminti shida a tsaye wuri ɗaya dare da rana. Ka yawaita ɓuntu da garin gawayi a cikin haɗin don ya yi sauƙi, ka jera manyan bokitai a jikin bangon ɗaki inda ginin ya fi ƙarfi, ba can bakin ƙarfen baranda ba. Kada kuma ka ɗora tukunya a kan ƙarfen sai ka ɗaure ta tamau, iskar farkon damina ba ta da wasa, ga yara suna wucewa a ƙasa. Haƙƙin maƙwabci ma yana nan: ruwan da ya tsiyayo daga tukunyarka a kan shanyar matar ƙasa zai sauka. Na ga zumunci ya ɓaci a kan abin da bai kai wannan ba.

Abin shukawa, ka fara da ganye. Alayyafo mako uku zuwa huɗu ka fara yanka. Gindin albasa da uwargida ke zubarwa, a dasa shi, zai ba ka lawashi. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a, amma ita na'a-na'a a ba ta tukunyarta ita kaɗai, mamaya gare ta. Attaruhu gindi biyu, kowane a bokitinsa, in dai barandar na samun rana ta awa shida. Zogale ma zai yi, in ya kai ƙugu ka datse kansa ya yi rassa. Ba zan ce maka za ka daina zuwa kasuwa ba, baranda ba fadama ba ce. Amma ganyen miya da na shayi za su fita daga lissafin cefane.

Sitiroberi kuwa ka bar wa mutanen Chaha da Vom. Sanyin dare yake so, Abuja kuma tudunta bai kai rabin namu ba, zafin Maris zai dafa maka shi a tsaye.

Mai gabatarwa: Wannan ta uku ta ba ni dariya, Baba. Wata 'yar'uwa ce daga Bukuru. Surukarta ta zo ta tarar da shuka a falo da ɗakin kwana, ta ce a fitar, wai suna kawo sauro da maciji, da dare kuma suna shanye wa mutum iska.

Baba: A gaishe da Hajiya, kuma a saurare ta, domin a cikin ukun nan ta ci ɗaya da rabi. Sauro ba a ganye yake haihuwa ba, a ruwa mai kwanciya ne. Farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya, in ruwa ya zauna a ciki, mako ɗaya zuwa kwana goma ya isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. A zubar da ruwan bayan kowane ban ruwa, ko a cika farantin da yashi. Wadda ake renonta a kwalbar ruwa a riƙa sauya mata ruwan duk kwana uku. Maciji kuma abinci da maɓoya yake bi, wato ɓera da kwaɗo da tarkace. A tsakar gidan ƙasa, tukwane cunkushe a lungu mai danshi suna iya zama masa mafaka, sai a ɗaga su kan benci a riƙa share ƙarƙashi. A falon bene kuwa da wuya.

Maganar iska ce ban yarda ba. Gaskiya ne shuka na shaƙar iska da dare, amma abin da tukunya biyu za su sha bai kama ƙafar na jaririn da ke kwance a ɗakin ba. Abin da ke kashe mutane a ɗaki a wannan sanyi shi ne kaskon gawayi da aka shiga da shi aka rufe ƙofa da taga, ko janareta a lungu. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, barci kawai take sa mutum, shi ke nan. Wannan ya kamata Hajiya ta yi wa faɗa.

Masu sayar da furanni su ma suna da nasu ƙarin gishirin, wai shuka kaza tana tace gubar ɗaki. Tushen zancen wani gwaji ne da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1989, amma a cikin rufaffun akwatuna aka yi shi. A ɗaki irin namu buɗe taga ya fi tukunya goma aiki. A ajiye shuka don tana sanyaya ido, wannan ma ya isa dalili.

Inda nake so a yi hattara shi ne gidan da ke da yara. Ƙerana da tinya, irin waɗanda ake shinge da su a ƙauyukan Filato, farin ruwansu in ya shiga ido babbar magana ce. Ƙariya mai jan fure dafi gare ta. Akwai kuma wata mai faɗin ganye da ɗigo-ɗigon fari da ake yawan sawa a falo da ofis, sunanta difenbakiya, in yaro ya tauna bakinsa da harshensa kumbura suke yi. Irin waɗannan a nisanta su daga hannun yara.

Mai gabatarwa: Ta huɗu daga wani ɗalibi ne a Unguwar Rogo da ke shirin aure. Yana son bangon falonsa ya yi kyau, amma yana gudun hotunan masu rai, allunan bango na kanti kuma sun fi ƙarfin aljihunsa.

Baba: Allah ya sanya alheri, ɗana. Hukunci na malamai ne, amma akwai abin da kowa ya ji a karatu: wani mai sana'ar zane ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, ya ce masa in ba makawa sai ka yi, to ka zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ka ga kuwa fili ya buɗe. Mu kuma dama adonmu a nan ya fi ƙarfi: dagi, zayyana, zanen da magina ke yi a fuskar soro. Ka shiga gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ka zaga ɓangaren gine-ginen gargajiya ka ga kwaikwayon masallacin Zariya da ganuwar Kano, ka leƙa zauren tukwane. Gani ya kori ji. Kuɗin shiga bai kai na allon bango ɗaya ba.

Iyayenmu mata ba su jira kanti ba. Jeren ɗakin amarya, kwanuka da tasoshi da ƙore tun daga ƙasa har rufi, ai shi ne adon bango. Ka sayi faya-fayi masu launi bakwai ko tara, manya da ƙanana, ka kafa su a bango ɗaya kusa da juna. Ko yadi ɗaya na rinin shuni, kafinta a kasuwar Katako ya ɗaure maka shi a katako. Tumtum biyu daga dukawan Naraguta a kan tabarma mai kyau. Sauran bangon a bar shi ya huta. Kuskuren da nake gani a gidaje shi ne kowane bango an liƙa masa abu, ga furen roba da ƙurar hunturu ta mayar da shi ruwan toka, ido ya rasa inda zai sauka.

Sai tukunyar ƙasa guda ɗaya babba a kusurwa kusa da taga, da moda a ciki. Tukunyar ƙasa tana zufa, saiwa na jin daɗinta fiye da roba, kuma kada ka raina ta. Juya takardar naira 20 ka ga mace tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, 'yar garin Kwali, wadda ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, tukwanenta suka zaga har Ingila da Amurka kafin rasuwarta a 1984. Na Abuja su je Ushafa ta wajen Bwari, inda Shugaba Bill Clinton ya ziyarta a 2000, har yau mata na gini a can. In ka je saye ka roƙi maginiya ta huda maka gindin tun tukunyar tana ɗanya, domin huda gasasshiya sai da dabara, sau da yawa fashewa take yi.

Mai gabatarwa: Lokaci ya kusa cin mu, Baba. A taƙaice, wata daga Gangare ta ce wasu fararen ƙwari kamar auduga sun manne wa barkononta.

Baba: Ta daka ganyen dogon yaro cikin hannu biyu, ta jiƙa a lita biyu na ruwa ya kwana, ta tace, ta ɗan narka sabulun wanki kaɗan a ciki, ta fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Ta maimaita bayan kwana biyar, sau uku. Reshen da suka cinye ta yanke ta ƙone. Ta kuma raba wannan tukunyar da sauran, ta lura da tururuwa, su ke yawo da ƙwarin daga shuka zuwa shuka.

Mai gabatarwa: Mun gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mai tambaya daga Tudun Wada kan yadda ake kare tukwane daga ƙanƙarar farkon damina, takardarka ta iso, da ita za mu buɗe filin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.