Daina ta fara dainawa: lacca kan tsofaffin gidajen abinci na Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina godiya ga shugaban wannan zama da ya ba ni lokaci, kuma ina roƙon waɗanda suke baya su ɗaga hannu idan muryata ba ta kai gare su ba.

Gidajen abincin da zan yi magana a kansu, Amurkawa suna kiran kowane ɗaya da kalmar "diner", wadda kunnen Bahaushe yake ji kamar "daina", kuma haka zan riƙa kiransu har mu tashi. Wani abokina da ya ji sunan ya ce ai tun ranar suna aka yi musu baki, domin abin da aka raɗa wa daina ba ya rasa dainawa. (Dariya.) Na shirya dalilai huɗu da suka sa waɗannan gidaje suke rufewa, amma kafin na lissafa su dole mu san abin da ake rasawa.

Asalin abin keken doki ne. A shekarar 1872, a birnin Providence na jihar Rhode Island, wani mutum mai suna Walter Scott ya lura cewa da dare ya yi gidajen abinci duk sukan rufe, alhali ma'aikatan jarida suna kwana suna aiki da yunwa. Sai ya samu keken doki, ya riƙa tsayawa kusa da ofishin jarida yana sayar musu da burodi mai nama a ciki da dafaffen ƙwai da kofi. Wanda ya san teburin mai shayi a bakin tasha da ƙarfe biyun dare ya riga ya fahimci rabin laccar nan. Daga baya aka faɗaɗa kekunan har mutum ya iya shiga ya zauna, sannan aka cire musu ƙafafu suka zauna wuri ɗaya. Kamfanoni suka tashi ba su da sana'a sai ƙera su: Worcester Lunch Car Company da aka kafa a 1906 a jihar Massachusetts ya ƙera kimanin 650, kamfanin Jerry O'Mahony na jihar New Jersey kuwa ya ƙera wajen 2000. Mutum yakan yi odar gidan abincinsa kamar yadda ake odar mota, a kawo masa shi da doguwar kantar cin abinci da kujeru da murhu, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Shi ya sa suke da tsawo ba su da faɗi, domin sai an ɗauko su a kan titi ko a jirgin ƙasa. Mutane da yawa suna zaton tsofaffin taragun jirgi ne aka gyara, amma mafi yawansu ba su taɓa hawa dogo da fasinja ba, kamanni ne kawai aka ara, tare da sunan taragon cin abinci.

Abincin kuma ba na 'yan gayu ba ne. Akwai soyayyen ƙwai da gasasshen burodi, akwai dankalin turawa da aka kirɓa aka zuba masa romo mai kauri, akwai niƙaƙƙen nama da ake gasawa a gwangwani kamar burodi a yanka, akwai romon kaza da taliya wanda suke sha idan mura ta kama su, sannan akwai fanke, wanda nasu shimfiɗaɗɗe ne kamar wainar fulawa, ana kwarara masa ruwan zaƙi. Abinci ne da yake tuna wa Ba'amurke girkin mahaifiyarsa, kamar yadda ɗanmu da ya daɗe a waje yake ji idan ya shaƙi ƙamshin miyar kuka. Musulmin da ya shiga kuwa sai ya buɗe baki ya yi tambaya, domin naman alade yana yawan rakiyar ƙwai a karin kumallonsu, kuma sau da yawa a kan faffadan ƙarfe ɗaya ake soya komai.

To, dalili na farko shi ne hanya da mota. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka haɗa jihohi, sai matafiya suka daina ratsa tsakiyar garuruwa inda dainar take zaune tana jiransu. A bakin sababbin titunan kuma kamfanoni irin su McDonald's suka kafa rassa, abinci kala kaɗan, cikin minti biyu, kuma daga baya ko daga mota ba sai ka sauko ba. Wannan kowa ya san shi, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba.

Dalili na biyu shi ne wanda na fi so mu tsaya a kansa, domin a ganina shi ne gindin maganar: abin da daina take sayarwa a zahiri wurin zama ne, abincin rakiya yake yi. Bari na ba ku abin da ya faru da ni. Na taɓa shiga wata a New Jersey a lokacin sanyi, na nemi ƙwai da burodi da kofi. Ina shan rabin kofin sai matar da take raba abinci ta zo da buta ta cika mini, ba ta ce komai ba. Na sha, ta dawo ta sake cikawa. Da ta zo karo na huɗu sai na rufe bakin kofin da hannu, ina lissafin dalolin da ke aljihuna, ina cewa a raina yau na shiga uku. (Dariya.) Da takardar kuɗi ta zo, kofi ɗaya aka rubuta. Al'adarsu ke nan: ka biya sau ɗaya, a yi ta ƙara maka har ka gaji. Na zauna fiye da awa biyu a wurin, ba wanda ya dube ni da idon "tashi ka ba wani wuri". A gefena akwai wani dattijo da jaridarsa wanda daga gani kullum a wannan kujerar yake zama, domin tun kafin ya cire hula aka ajiye masa abincinsa.

Yanzu ku yi lissafi tare da ni. Wannan kujerar da dattijon ya zauna a kai awa biyu a kan 'yan daloli, akwai haya a kanta, akwai wuta, akwai ɗumama ɗaki, akwai albashin mai zuba kofin. Muddin filin yana da araha, lissafin yana fita. Ranar da filin ya yi tsada, kujerar ta zama asara. Kuma ku tuna daina bene ba ta da shi, hawa ɗaya ce, sau da yawa a kan kwana take, wani lokaci har da filin ajiye motoci. Mai ginin gidaje idan ya wuce ta, ba ya ganin ƙwai da kofi, yana ganin hawa goma sha da za a iya ɗorawa a wannan sararin da ke samanta. Haka aka yi da Market Diner a Manhattan, cikin birnin New York, wadda aka rufe a 2015 aka rushe domin a gina dogon bene, ba don ta rasa masu ci ba. Haka Cup and Saucer da ke titin Canal ta rufe a 2017 bayan an ƙara mata kuɗin haya. Birnin New York da aka ce ya taɓa samun kusan dubu, ƙidayar da aka yi wajen shekara goma da suka wuce ta nuna ba su kai 400 ba. Ina maimaitawa domin masu rubutu: wasunsu cike suke da mutane ranar da suka rufe. Ciniki yana nan, ƙasar da ke ƙarƙashinsu ce ta fi cinikin daraja.

Sannan ga takardar jerin abincinsu, wadda a wasu wuraren kamar littafi take, shafi bayan shafi. Alƙawarin daina shi ne duk abin da kake so, a duk lokacin da kake so. Kana iya neman karin kumallo da ƙarfe goman dare, na kusa da kai ya nemi kifi, na gabansa ya nemi taliya. Wannan alƙawari yana nufin a ajiye kayan abinci kala-kala a firiji ko an saya ko ba a saya ba, kuma a samu mai girki da ya iya duka, ya kwana a tsaye. Wanda yake sayar da abu biyar kacal ba ya ɗaukar wannan nauyi. Shi kuma mai daina ba shi da damar ƙara kuɗi yadda yake so, domin mutumin da zai biya dala shida a kan kofi ɗaya a Starbucks ba tare da ya yi tari ba, shi ne zai yi tsaki idan ƙwan daina ya tashi da dala ɗaya, saboda a ransa wannan wuri na talaka ne, kuma haka ya kamata ya zauna. Ga albashi ya ƙaru, mafi ƙarancinsa a birnin New York ya kai dala 15 a awa a ƙarshen 2018 ga manyan wuraren aiki, kuma ni ban ga laifin hakan ba, domin mai wanke kwanuka shi ma yana biyan haya. Ga ƙwai, wanda shi ne ƙashin bayan sana'ar: da murar tsuntsaye ta yi ɓarna, dozin ɗaya ya haura dala 6 a watan Maris na 2025, har kamfanin gidajen abinci na Waffle House ya ɗora santi 50 a kan kowane ƙwai na ɗan lokaci. Idan mai rassa kusan dubu biyu ya ji a jikinsa, ina ga mai shago ɗaya?

Na ce dalilai huɗu ne ko? Ina jin na cusa na uku a cikin na biyu, to mu ce wannan na huɗu ne, wato magada. A New York da New Jersey, dainoni da yawa a hannun Girkawa suke, waɗanda suka zo ci-rani suka fara da wanke kwanuka har suka mallaki wurin. Shahararren kofin takardar nan shuɗi da fari mai zanen Girka da aka fito da shi a 1963, dominsu aka yi shi. Sun yi aikin awa goma sha shida a rana domin 'ya'yansu su yi karatu, 'ya'yan suka zama lauyoyi da likitoci, kuma babu lauyan da zai koma juya ƙwai da asuba. Idan uba ya tsufa, mai ginin bene ya zo da tayi, me kuke zato? Annobar korona ta 2020 kuma ta zo ta ƙarasa masu rauni, waɗanda suka tsira da yawansu suka daina kwana a buɗe. Ko Denny's, wanda babban kamfani ne na irin waɗannan gidajen abinci, ya sanar a 2024 cewa zai rufe rassa 150.

Wani abu ɗaya da ba na so begen da ake yi wa waɗannan wurare ya rufe mana ido a kai: wannan kantar da ake yabo cewa alƙali da direba suna zama kafaɗa da kafaɗa, a wurare da yawa ba a yarda baƙar fata ya zauna a irinta ba. Sai da ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a kantar abinci ta shagon Woolworth a garin Greensboro na jihar North Carolina ranar 1 ga Fabrairu 1960 suka ƙi tashi, sai da aka yi dokar 'yancin jama'a ta 1964, kafin kujerar ta zama ta kowa a doka.

Na ga hannu a can. Bismillah, Hajiya.

Domin waɗanda ba su ji ba, Hajiya tana tambaya ne: idan waɗannan gidaje sun daina kwana a buɗe, ina masu aikin dare suke cin abinci yanzu? Wannan tambaya ta fi abin da na shirya rufewa da shi, don haka zan ajiye takardata. A birnin New York dai, babban kaso na amsar yana bakin titi. A 1990 wasu Misirawa uku suka kafa amalanken abinci a mahaɗar titi na 53 da Sixth Avenue, suka lura direbobin tasi Musulmi suna yawo da dare ba su da inda za su samu abincin halal mai zafi, sai suka koma sayar musu da shinkafa da kaza da farar miya. Su ne ake kira The Halal Guys a yau, kuma irin amalankensu sun cika birnin. Cikin masu tsayawa a layi da tsakar dare akwai 'yan'uwanmu na Afirka ta Yamma da suke zaune a unguwannin Bronx da Harlem suna tuƙi. Kun ga Walter Scott ya dawo ke nan, sai dai ba doki. Abin da amalanken ba shi da shi, Hajiya, shi ne kujera: za a miƙo miki abincin a kwanon alminiyam, ki ci a tsaye ko a cikin mota, kuma ba mai zuwa da buta ya ƙara miki kofi.

Shugaba yana nuna mini agogo. Mai tambaya ta biyu ya same ni a waje bayan sallah.