Nimokokus: ƙwayar cutar huhu da ta fara gagarar magani

Ku dubi farantin gwaji, wanda ake tsirar da ƙwayoyin cuta a kai. Ɗigo-ɗigon nan masu kewayen kore-kore a kan jini, ita ce ƙwayar nimokokus, wadda likitoci ke kira Streptococcus pneumoniae. Tana zaune lafiya lau a hanci da maƙogwaron yara da yawa. Ranar da mura ta karya jiki, kamar yadda ake fama a sanyin hunturun Jos, sai ta gangara huhu ta zama nimoniya, ko ta shiga jini, ko ta haura ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau. Masu sikila, tsofaffi da masu ƙanjamau ta fi kwantarwa a asibiti.

Da can fenisilin yana gamawa da ita. A 1967 aka ga wadda ta bijire masa a Ostareliya, a 1977 kuma mai gagarar magunguna da yawa ta ɓulla a Afirka ta Kudu.

Ga dabararta. Fenisilin yana kama wasu sinadarai da take gina bangon jikinta da su, ita kuma sai ta sauya musu siffa. An canza kwaɗo ke nan, makulli ba ya zama daram. Ba lalata maganin take yi ba, shi ya sa Augmentin, wato amoxicillin (ɗan'uwan fenisilin) da aka haɗa da sinadarin da ke hana ƙwayar cuta lalata shi, bai fi amoxicillin zalla tasiri a kanta ba, tsada kawai ya fi shi.

A huhu, ƙara yawan magani kan ci ƙarfinta: yaro kan sha amoxicillin miligiram 80 zuwa 90 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, a raba kashi biyu. Ƙwaƙwalwa kuwa daban ce, magani kaɗan ke ratsawa can. Babba mai sanƙarau kan samu ceftriaxone giram 2 ta jijiya duk awa 12, a haɗa da vancomycin har sakamakon gwaji ya fito.

Sakamakon nan shi ne inda ake yawan yin asara. Mara lafiya ya riga ya sha kafso daga kemis kwana uku, ƙwayar ta ƙi tsirowa a gwaji, likita ya koma lalube. 'Yan uwa masu jinya, ku zo da kwalin maganin, kada ku ɓoye, ba faɗa za a yi muku ba. Ma'aikata kuma, a ɗebi jini kafin allurar farko, amma kada jiran gwaji ya jinkirta maganin mai sanƙarau. Ruwan da aka zuƙo daga ƙashin baya ba a sa shi a firji. Ƙwayar raguwa ce a wajen jiki, sanyi da jinkiri na kashe ta. A ɗakin gwaji ana ɗora ɗan faifan takarda mai ɗauke da maikirogiram 1 na oxacillin, wani dangin fenisilin, a kan farantin da aka shuka ƙwayar. Idan filin da ya share, inda ƙwayar ta kasa tsirowa, ya kai faɗin milimita 20, fenisilin zai yi aiki. Idan bai kai ba, sai an ƙara wani awon.

Tun Disamba 2014 Najeriya ta fara yi wa jarirai rigakafinta, allura uku: sati 6, sati 10, sati 14. Uwa, ɗauko katin asibiti ki duba ko ukun sun cika.