Lacca: Wanda ya yi aikin data a kamfanin konsoltin, ya masu ɗaukar aiki suke kallonsa?

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna jina? To madalla. Waɗanda ke tsaye bakin ƙofa ga kujeru nan gaba ku shigo, ba wanda za a yi wa tambaya (dariya).

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne, mutum ya yi shekara biyu ko uku yana aikin data a kamfanin konsoltin, wato kamfanin da wasu kamfanoni ke ɗauka haya ya ba su shawara, irin su Deloitte, PwC, KPMG, EY, ko Accenture da McKinsey, sai ya fito neman aiki a banki ko kamfanin fasaha, to da wane ido ake kallonsa? Abu uku zan faɗa in Allah ya yarda.

Na farko, sunan kamfanin yana aiki, wannan ba musu. Mai tace CV tari ne a gabansa, da ya ga sunan da ya sani zai tsaya ya karanta, don ya san kafin su ɗauke ka sai da suka tankaɗe ka suka rairaye. Kuma kar wani ya ce muku a konsoltin PowerPoint kawai ake yi. McKinsey sun sayi QuantumBlack a 2015, kamfani ne na Landan da ya fara da nazarin datar tseren motoci na Formula 1, su ne suka fitar da Kedro, kayan tsara aikin data, wanda duk mai rubuta manhaja da yaren Python zai iya saukewa kyauta. BCG, wani kamfanin konsoltin, su ma a da suna da sashen data mai suna Gamma, a 2022 suka haɗe shi cikin BCG X. Akwai gwanaye a can sosai.

Amma suna iyakarsa ya shigar da kai ɗakin intabiyu. Na biyu kenan, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku, mai danna waya a layi na uku har da kai ƙanina. Na sha zama a teburin ɗaukar ma'aikata, kuma akwai tambaya ɗaya da ke kayar da 'yan konsoltin: model ɗin nan da ka gina, wato manhajar da ke koyo daga data tana hasashe, bayan wata shida me ya same shi? Sai ka ga mutum ya yi shiru yana juya biro. Ba don bai iya aiki ba wallahi, tsarin aikinsu ne haka, kwangila ce ta wata uku ko huɗu, ka zo ka karɓi data ka gina model, ka tsaya gaban manyan kamfani ka nuna musu, a tafa, ka miƙa takardu, ranar Litinin kana wani kamfanin daban kana koyon wata harkar. Ungozoma ce, ta karɓi haihuwa lafiya an gode mata ta tafi, amma kukan dare da zazzaɓin haƙori uwa ce ta san su. Shi kuma manajan da ke maka intabiyu uwa yake nema.

Me ya sa ya damu haka? Saboda model lalacewa yake yi, ko ba wanda ya taɓa shi. Ku tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da CBN ta sake fasalin 200 da 500 da 1000 takardar kuɗi ta ɓace, mai shayi ya koma karɓar taransfa, mai tumatir ma haka, tsohuwar da ba ta taɓa buɗe asusu ba jikanta ya buɗe mata. To ɗauki model na kama 'yan damfara da aka koyar da datar 2022, shi abin da ya sani sabon asusu da ƙananan kuɗi ke ta shigowa daga mutane barkatai abin zargi ne, kawai sai ya hau toshe asusun mai shayi. Wa za a tasa da tsakar dare? Ba ɗan konsoltin ba, shi ya daɗe da tafiya. Ba a gama da wannan ba ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, duk model ɗin da ke hasashen wa zai iya biyan bashi lissafinsa ya canza. Kuma ba mu kaɗai ba, Zillow, kamfanin harkar gidaje a Amurka, suna sayen gidaje da hasashen farashi na kwamfuta, a Nuwamba 2021 suka rufe sashen gaba ɗaya suka ce za su sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansu. Injiniyoyin Google tun 2015 suka zana wani hoto a wata takardarsu, model ɗin kansa ɗan ƙaramin akwati ne baƙi a tsakiya, duk sauran manyan akwatunan tattara data ne da tantance ta da sa ido. Ɗan konsoltin yawanci ƙaramin akwatin nan ya sani. Bayan wata shida me ya same shi, ku rubuta tambayar nan, bayan wata shida.

Na uku, lokaci ya ja. Abin da suke so a wajenku shi ne kun iya magana da oga, kun iya mayar da koke-koken manaja ya zama tambayar da data za ta amsa, kun saba da Excel mai datti da aikin gaggawa. Bankuna da ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati suna daraja wannan ƙwarai, kamfanin da ke da manhajarsa shi ne mai ɗari-ɗari, zai ba ka SQL, yaren zaƙulo data, ka rubuta a gabansa ya tambaye ka Git, manhajar bin diddigin gyaran code. Sannan ku rage "mun yi, mun yi", ana so a ji kai wanne ka yi da hannunka.

Na'am ƙanwata, ɗaga murya kaɗan. Tana cewa ita ta sa hannu a takardar riƙe sirri, ba ta da ikon nuna aikin da ta yi wa kwastomomi, ya za ta yi?

Tambaya mai kyau, kuma kar ki karya alkawarin nan ko da wasa, wanda ke miki intabiyu in ya ji kina tona datar wani ya san gobe tasa za ki tona. Ba sai kin faɗi suna ba, ki ce wani banki, matsalar kaza ce, na gwada hanya kaza ba ta yi ba saboda kaza, na koma kaza. Sannan in dokar wajen aikinki ta yarda, ki tuntuɓi injiniyan da kika miƙa wa aikin ki gaishe shi ki ce Malam abin nan yana aiki kuwa, ina ya ba ku wahala? Ko ya ce miki sun ajiye shi, kin samu abin faɗa a intabiyu. Kuma ki gina naki na kanki, NBS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, suna fitar da farashin kayan abinci, ki yi ɗan model na hasashen farashin shinkafa ko wake ki ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye code kowa ya gani, duk sanda sabon rahoto ya fito ki gwada hasashenki da abin da ya faru, ki rubuta inda ya kuskure da gyaran da kika yi. Wannan ba takardar sirrin da ta hana ki nuna shi. Akwai wani hannu a can baya, bismillah Malam.