Sharhi: Duwatsun Wassu da sauran da ke cikin gonaki

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau sharhinmu zai kai mu gaɓar kogin Gambiya, inda mutanen zamanin da can suka sassaƙa marmara da kayan ƙarfe, suka kakkafa ta a tsaye, da'ira-da'ira, a wuraren da suka binne mamatansu.

Wanda ya taɓa haƙar marmara ya san halinta: tana da ɗan laushi a cikin rami, in ta sha iska sai ta ƙeƙashe. Da wannan sanin suka fitar da ginshiƙai masu santsi, wani ya fi mutum tsayi, wani nauyinsa ya kai tan 7. A Wassu, wani gari a ƙasar Gambiya, akwai wanda ya haura mita biyu da rabi, kuma har gobe baƙi kan ɗora 'yan tsakuwoyi a kansu, kowa da buƙatar da ke ransa. Gambiya ma ta sa hotonsu a takardar kuɗinta ta dalasi 50.

A shekarar 2006 hukumar UNESCO ta saka wurare huɗu cikin kayan tarihin duniya: Wassu da Kerbatch a Gambiya, Sine Ngayene da Wanar a Senegal. Da'irori 93 ke nan, 52 daga ciki a Sine Ngayene kaɗai. Madalla.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Irin waɗannan da'irori sun haura 1,000, a warwatse tsawon kilomita 350 na kogin. Wurare huɗun nan sun samu suna da kulawa. Ragowar fa? Suna tsakiyar gonakin gyaɗa da gero, garma na bi ta gefensu, wutar daji na lasarsu da rani. Dokar ƙasa ta hana taɓa su, amma doka tana Banjul da Dakar, manomi kuwa shi ke kwana da dutsen. A ganinmu, kuɗin da ake kashewa a taruka gara a ba dagatai da matasan ƙauyukan, su zama masu gadi da masu yi wa baƙi jagora.

Mu a Najeriya mun ɗanɗana. Sassaƙaƙƙun duwatsun Ikom na jihar Kuros Riba, su ma a da'ira aka jera su, an yi awon gaba da wasu, sai ganinsu aka yi a ƙasashen waje.

A huta lafiya.