Lacca: Lambar da ta ƙi rabuwa, 2,147,483,647

Jama'a, barkanku da zuwa. Ku dubi allo, ga lambar da za mu yini a kanta: 2,147,483,647. Biliyan biyu da 'yan kai ke nan. Kada tsawonta ya ba ku tsoro, asalinta ba shi da wuya. Ka ɗauki 2, ka yi ta ninkawa, 2, 4, 8, 16, har ka kai mataki na 31, sai ka cire ɗaya. Shi ke nan.

Tunda ta ƙare da 7, mara ce, ba cika ba. Wannan ko ɗan firamare ya sani. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne babu lambar da ke raba ta ba saura, sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan ni nakan ce musu gagara-raba. Waɗanda kuma ake samu ta ninka 2 a cire ɗaya ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya jera su a 1644. Tamu ita ce gagara-raba ta takwas a gidan.

Wani zai ce ai duk wadda aka samu ta wannan hanya gagara-raba ce. A'a. Gwada mataki na 11: 2,048, cire ɗaya, 2,047. Ga ta kamar gaske, amma 23 sau 89 ce. Ku lissafa a takardunku, zan jira.

To wa ya tabbatar da tamu? Leonhard Euler, a 1772, lokacin idonsa ya kusa rufewa gaba ɗaya, babu kwamfuta, babu kalkuleta. A nan nake so mu ɗan zauna. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Da farko ba sai an wuce 46,340 ba, lambar da in ka ninka ta da kanta za ka kusa kai tamu, domin in tana da abin raba ta, ɗaya daga ciki dole ya faɗo ƙasa da nan. Sannan an san duk wadda za ta raba ta, in ka cire mata ɗaya, dole 62, wato 2 sau 31, ya shiga cikinta daidai. Da irin wannan tankaɗe dubbai suka zube, 'yan kaɗan suka rage, ya gwada su, babu wadda ta shiga. A ganina dabarar ta fi amsar daɗi.

Ka ninka lambar tamu da rabin 2,147,483,648, za ka sami kammalalliyar lamba, irin 6 da 28, waɗanda in ka tara masu raba su, ban da su kansu, sai su dawo maka da su: 1 da 2 da 3, shida.

Masu kwamfuta kuwa sun san ta ta wata ƙofa. A ma'ajiyar kwamfuta mai gurbi 32, inda kowane gurbi 0 ko 1 kawai yake ɗauka, in an ware gurbi ɗaya don alamar ragi, ita ce iyakar abin da zai shiga. Na'urori da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma ƙirgar za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038. Tsohuwar na'urar da ba a gyara ba, daƙiƙa ɗaya bayan nan za ta ɗauka tana cikin 1901.

Akwai mai tambaya? Malama a baya, bismillah.