Yadda ake rubuta wasan ces: tafiya da zaman allo

Assalamu alaikum, jama'a. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan 'yan dara a wajen Ƙofar Soro ya san yadda abin yake. A yi wasa mai zafi, a yi ihu, a kwashe tsinke a share ramuka. Gobe in an zo ba da labari, kowa da nasa. Shi kuwa ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, yana da rubutunsa, har ana iya ɗauko wasan da aka buga shekara ɗari a sake jera shi tiryan-tiryan.

Ku dubi allon. Gida 64 ne, takwas sau takwas. A ajiye shi yadda farin gida zai kasance a kusurwar hannun damanka. Daga ɓangaren mai farare, layukan da suka miƙe zuwa wajen abokin karawa suna da haruffa, a zuwa h, daga hagu. Na kwance kuma lambobi, 1 zuwa 8. Haɗa harafi da lamba, ka sami sunan gida. Misali e4, kuma e4 ɗin ne ko ta wane gefe ka zauna.

Sai 'ya'yan. K sarki, Q sarauniya, N doki. R ita ce wannan mai kama da hasumiya; mu Katsinawa da muka tashi muna ganin Gobarau ba ma mance ta. B kuma ni giwa nake ce mata, don haka Larabawa ke kiranta. Haruffan daga sunayen Turanci aka ɗauko su. Sunan doki ma da K ya fara, amma sarki ya riga shi, sai ya haƙura da N. Dakaru, ƙananan nan na sahun gaba, ko harafi ba a ba su ba. In ka ga e4 kawai, dakare ne ya taka can.

Mu buga ɗan gajeren wasa. Tafiya ta 1: fari e4, baƙi e5. Ta 2: Bc4, Nc6. Ta 3: Qh5, baƙi ya fito da doki, Nf6. A nan masu sharhi kan sa alamar tambaya biyu, wato ya tafka kuskure. Ta 4: Qxf7#. Wannan x ci ne. Alamar ƙarshen kuwa tana nufin sarki ya rasa mafita, wasa ya ƙare. Sarki kaɗai ke gadin f7, ga shi ba ya iya cin sarauniyar saboda giwar c4 na tsare da ita. Da barazana ce kawai aka yi masa, alamar tarawa za a sa.

Inda sababbi ke tuntuɓe shi ne in dokinka biyu duk suna iya sauka gida ɗaya. Ɗaya na b1, ɗaya na f3, ka rubuta Nd2. Wanne? Rubuta Nbd2, magana ta fita. Tafiyar da sarki ke matsawa gida biyu hasumiya ta tsallako shi, 0-0 ce a gajeren gefe, 0-0-0 a dogon. Dakaren da ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya, e8=Q.

Wani mutumin Halab ta ƙasar Sham, Philipp Stamma, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari a Turai, da littafin da ya buga a Paris a 1737. Ingila da Amurka sun daɗe a kan wani tsarin, inda kowa ke ƙirga gidaje daga gefensa. Fari ya taka e4, a rubuta P-K4, wato dakare ya taka gida na huɗu a layin sarki. Baƙi ya taka e5, shi ma P-K4. Kowane gida suna biyu ke nan, abin ruɗani. Daga 1981 hukumar ces ta duniya, FIDE, ta daina amincewa da shi. A gasa dole kowa ya rubuta tafiyarsa da ta abokin karawarsa, kuma takardar ce hujjarka gaban alƙali in ka nemi canjaras, misali don zama ɗaya ya maimaitu sau uku.

To, ga wata matsala daban. Kuna tsakiyar wasa da yamma, ba wanda ke rubutu, aka kira magariba. Kun san kafin ku dawo yara sun watsa allon. Za ka ce ai sai a ɗauki hoto da waya. Hoton zai nuna inda kowane ɗa yake, amma ba zai faɗi wa ke da tafiya ba. Ba zai kuma faɗi ko sarki ya taɓa motsawa ya koma mazauninsa ba, alhali in ya taɓa, ya rasa damar 0-0 har wasa ya ƙare. Rigimar daga nan take tashi.

Maganin shi ne FEN, layi ɗaya da ke ɗauke da zaman allo duka. David Forsyth, ɗan jarida daga Sukotilan, ya ƙirƙiro tushensa a ƙarni na 19, daga baya Steven Edwards ya faɗaɗa shi don kwamfuta. Ana farawa daga layi na 8 a gangaro zuwa na 1. Manyan haruffa farare, ƙanana baƙaƙe, a nan dakare ma ya sami harafi, P. Lamba tana faɗin yawan gidajen da ba kowa. Bayan fari ya taka e4, layi na 4 zai zama 4P3: gida huɗu wayam, dakare, gida uku wayam. Layi na 2 kuma PPPP1PPP, ga giɓin da ya bari. In kana shakkar rubutunka, ƙirga. Kowane layi dole ya cika takwas.

Bayan allon sai w in fari ke da tafiya, b in baƙi ne. Sai KQkq, wato kowa na da damar 0-0 (K, k) da 0-0-0 (Q, q). Wanda ya rasa, a cire harafinsa. Sauran sassa uku na cin dakare a wuce ne (cin dakaren da ya yi tsallen gida biyu kamar gida ɗaya ya taka), da ƙirgen dokar tafiya 50 (neman canjaras in kowa ya yi tafiya 50 ba ci ba motsin dakare), da lambar tafiya.

Wasa sukutum, da sunayen 'yan wasa da rana da sakamako, PGN ne ke ɗauke shi, shi ma aikin Edwards ne a farkon shekarun 1990. Shi kake saukewa a shafukan buga ces na intanet irin su Lichess ko Chess.com ka tura wa abokinka na Daura ta WhatsApp. Amma na magariban nan, biro da bayan takardar shayi sun isa. Rubuta layuka takwas ɗin, sa w ko b da haruffan damar 0-0, ka nuna wa abokin karawarka ya gani da idonsa, sannan ku je alwala.